Bishiyar da Hosea Tibbet Ya Iya

Orrin Tewksbury ya hau kujerar kicin da takalmansa na gona, abin da ko a mafarki ba zai yi ba lokacin da matarsa Lucille ke raye, ya miƙa hannu biyu ya ciro zanen daga bangon falo. Shekara ɗari da sittin da 'yan kai zanen nan yana rataye a gidan, ba mai taɓa shi sai ranar share ƙura. Ya naɗe shi cikin bargon gado, ya rungume shi ya fita, ya zaunar da shi a kujerar gaba ta akori-kurarsa. Har bel ya ɗaura masa, shi da rabonsa da ɗaura wa kansa bel tun ranar da ɗan sanda ya tsayar da shi a hanyar asibiti.

Abin da ya hana shi sukuni wasu fegi ne masu jan ƙyalle a ka. Maƙwabciyarsa Verna Bascom za ta sayar da gonarta ta koma Arizona wurin 'yarta, don gwiwoyinta sun gaji da sanyin Vermont. Masu sayen wasu mata da miji ne daga Boston, suna son gina gidan hutu mai gilashi ta ko'ina, lauyansu kuma ya ce ba ciniki sai an auna. Safiyo ya zo da na'urarsa mai ƙafa uku, ya yini yana leƙe-leƙe, ya kakkafa feginsa ya tafi. Da Orrin ya hau tudu da safe don ya gaida Lucille kamar yadda ya saba, sai ya tarar layin ya bi ta gabansa, kabarin yana ɗaya ɓangaren da taku uku. Shekara huɗu ke nan da ya binne ta a kan tudun da ta zaɓa da bakinta. Dutsen kabarin na mutum biyu ne, an riga an sassaƙa sunansa da shekarar haihuwarsa, an bar masa fili a gaba. Ranar Juma'a za a sa hannu a takardun ciniki, ga shi yau Laraba.

Mai hankali zai ce abin mai sauƙi ne, ya taka zuwa gidan Verna, tafiyar minti biyar, ya ƙwanƙwasa ƙofa. Amma mu da muke zaune a Tilden mun san wannan ƙofar ta fi Boston nisa. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, a taron gari na shekara, Verna ta miƙe ta kawo shawarar a ƙara sayen motar kwashe ƙanƙara ta biyu. Orrin ya miƙe a gaban mutum ɗari biyu ya ce duk wadda mota ɗaya ba ta ishe ta ba, ta koyi zaman gida. Aka yi dariya, ya zauna yana jin daɗin kansa. Tun daga ranar, in motocinsu suka haɗu a hanya, Verna ta daina ɗaga masa yatsa daga kan sitiyari. Shi ma ya daina. A garin nan yatsa ɗaya ɗin shi ne gaisuwa da tambayar iyali da komai, wanda aka hana shi kuwa an gama da shi. Lucille dai ba ta shiga rigimarsu ba. Takan bi ta bayan gona ta tafi wurin ƙawarta, ta dawo tana ƙamshin kofi, ya yi kamar hancinsa ya toshe.

Lokacin narkewar ƙanƙara ne, hanya ta zama kunun taɓo, sai da ya yi rabin awa kafin ya kai ofishin gari. Doreen Laflamme, magatakardar gari, tana bayan kanta tana cin donat a kan takardun lasin karnuka.

"Goge ƙafarka, Orrin."

"Na goge."

"Sake gogewa. Me ka naɗo haka, jariri ka tsinta?"

"Shaida ce. Ɗauko min takardar iyakarmu da su Bascom, ta farkon."

Doreen ta lashe yatsunta, ta dube shi ta saman tabarau. Labarin fegin ya riga shi isowa, kamar kowane labari a Tilden, saboda haka ba ta tambaye shi komai ba. Ta shiga ɗakin ajiya mai ƙofar ƙarfe, ta fito rungume da wani littafi mai bangon fata, girmansa ya kai tiren abinci. Ta buɗe shekarar 1841, ta bi rubutun da yatsa tana karantawa a hankali.

"Daga bakin rafi, inda Amos Bascom ke shayar da tumakinsa, a miƙe gabas zuwa babbar bishiyar elm wadda aradu ta kashe goɗiyar Amos a ƙarƙashinta, daga nan a karkata kudu zuwa tarin duwatsu." Ta ɗago kai. "Rafin ya sauya hanya sau biyu. Tumakin sun riga mu gidan gaskiya. Duwatsun kakanka ya kwashe ya yi katanga. Bishiyar kuwa ciwo ya cinye ta tun kafin a haife ni, ko kututturenta babu. Safiyon nan ya yi iya ƙoƙarinsa, Orrin."

"Yaro ne da aka haifa shekaranjiya, yana tambayar tauraron ɗan'adam inda gonar kakana ta tsaya. Ni ina da wanda ya gani da idonsa."

Ya warware bargon a kan kanta. Ga farin gidan Tewksbury, ga jan ɗakin shanu, ga tudun a baya. Shanu goma sha ɗaya suna kiwo, wani kare ruwan ƙasa yana tsaye da ƙafa ɗaya a ɗage. Can a gefen dama, bayan tudun da nisa, ga ƙatuwar bishiya mai wani reshe da ya lanƙwashe kamar gwiwar hannu. A ƙasa an rubuta H. Tibbet, 1858.

"Kin gani? Ga bishiyar. Tudun yana ciki, har da rarar fili. Hosea Tibbet sati biyu ya yi a gidanmu yana cin abincinmu, ya zauna a kan katanga ya zana abin da ke gabansa. Ki kira lauyan nan ki gaya masa."

Doreen ta daɗe tana kallon bishiyar. Ta cire tabaraunta ta goge, ta mayar.

"Wannan ba aikin magatakarda ba ne. Na ƙungiyar tarihi ne."

"Ai ke ce shugabar ƙungiyar tarihin."

"Daga ƙarfe biyu."

Agogon bango ya nuna biyu saura ashirin. Orrin ya san Doreen tun tana goye, ya kuma san ko gini zai faɗo ba za ta haɗa ofis biyu a lokaci ɗaya ba. Ya zauna a benci da zanen a cinya, tana ta buga hatimi a lasin karnuka kamar ba kowa a ɗakin. Ƙarfe biyu daidai ta rufe littafi, ta rataya kwali a ƙofa, ta sa wata rigar sanyi mai maɓallan katako, ta tsallaka baranda taku huɗu, ta buɗe ƙofar da ke kallon tata.

"Barka da zuwa, Mista Tewksbury. Sa hannu a littafin baƙi."

Shekararsa saba'in da huɗu a garin nan, bai taɓa sa ƙafa a ɗakin ba, don a ganinsa tarihi abin 'yan yawon buɗe ido ne. Ɗakin yana warin tsohuwar takarda da maganin asu. Ya wuce keken saƙa, ya wuce rigar wani soja, ya wuce kwalaben magani da aka jera a kabad. Doreen ta kunna fitilar bangon ƙarshe, ta koma gefe ta harɗe hannu.

Zane biyar ne a jere, duk gonaki, duk aikin Tibbet, iyalan da suka sayar da gonakinsu suka bar wa ƙungiya. Orrin ya dubi na farko. Gidan su Pelkey ne, ya gane shi da bututun hayaƙi biyu. A gefen hagu ga wata ƙatuwar bishiya mai reshe kamar gwiwar hannu. Ya matsa ga na biyu, ga ta a bakin hanya. A na uku tana tsaye a inda kowa ya san tafki ne tun zamanin da. Na huɗu an zana shi cikin hunturu, ƙanƙara ta rufe rufin gida da katanga, amma bishiyar tana nan da ganyenta kore shar. Bai so ya dubi na biyar ba, idonsa ne ya tafi da kansa.

"Bishiyoyin elm ai suna kama da juna," in ji shi.

"Dubi ƙasa."

Ya duba. A kowane zane, wani kare ruwan ƙasa yana tsaye da ƙafa ɗaya a ɗage.

Wannan ya fi bishiyar yi masa ciwo. Karen nan Kyaftin ne. Kowane ɗa a gidan Tewksbury an ɗaga shi sama an nuna masa Kyaftin, wanda ya ja kakan kakansu da haƙora ya fito da shi daga kogi ranar da ƙanƙara ta karye da shi. Karnuka uku Orrin ya raɗa wa sunan, na ƙarshen ma ba abin da ya iya sai barci a gindin murhu.

"Kyaftin ne," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa.

"A gidan su Pelkey mace ce, sunanta Juno, ta kori kyarkeci. Su Alden sun ce nasu ya bi mai gidan yaƙi ya dawo shi kaɗai." Doreen ta jawo aljihun tebur, ta fito da wata wasiƙa a cikin leda. "Wannan Tibbet ne ya rubuta wa ƙanwarsa. In karanta, ko ka ƙoshi?"

"Karanta."

"Ya ce: Aiki yana tafiya. Har yanzu bishiya ɗaya na iya da kare ɗaya, amma ba wanda ya yi ƙorafi. Ina fara zane daga gida, in na gama sai in dubi inda fili ya yi yawa in dasa bishiyar a nan. Manoman ƙasar nan ba ruwansu da itace, muddin na ƙara musu shanu. Mutumin da nake gidansa yanzu saniya uku gare shi, ɗaya ma gurguwa, ya roƙe ni in kai su goma sha ɗaya."

Orrin bai tambayi gidan wa Tibbet yake ba lokacin da ya rubuta wasiƙar. Ya ja kujerar wani tsohon gwamna da aka ɗaura wa igiya don kada a zauna, ya zauna a kan igiyar.

"Wa ya san wannan maganar?"

"Duk wanda ya taɓa shigowa ɗakin nan."

"Su nawa ne?"

Ta leƙa littafin baƙi. "Bana kai ne na uku. Ɗaya ban-ɗaki yake nema."

"To ki kulle ɗakin zuwa Juma'a. Ki ce ana fenti."

"Orrin, ni ba zan bi lauya da wasiƙa a hannu ba. Amma in ya tambaye ni zan faɗa, ka sani." Ta mayar da ledar, ta tura aljihun. "Ba wanda zai tone Lucille da ƙarfi. Sai dai za ta zama a filin wasu, suna shan shayi a bayan gilashi suna kallonka kana yi mata magana. Kai kuma ba za su ba ka wurin kwanciya a gefenta ba, wa zai yarda a kawo masa gawa ta biyu a gaban taga? Mutum ɗaya ne zai iya gyara abin nan kafin Juma'a. Je ka ga Verna."

"Gara in tone tudun da cokali in dawo da shi gonata."

"To ka fara yau, cokalin shayi ne kawai a ofis."

A cikin mota ya daɗe bai tayar da inji ba. Tsoro yake ji, irin wanda bai ji ba tun ranar da likita ya ja shi gefe a baranda. Shekara huɗu abin da ke riƙe da shi shi ne ya san inda zai je in nasa lokacin ya yi, kuma ya san wa zai tarar. Yanzu wani mai zane da bai iya bishiya biyu ba ya ƙwace masa wannan. Ya dubi bargon da ke gefensa. Sai wata dabara ta faɗo masa, irin dabarar da ke zuwa wa mutum in ya rasa ta kirki. Mutum uku ne kawai suka shiga ɗakin nan bana, kuma Verna da gwiwoyinta ba za ta hau matakalar ofis don kallon keken saƙa ba. In ya shimfiɗa mata zanen ya ɗaure fuska, ya ambaci kotu sau biyu, wataƙila ta tsorata ta matsar da fegin don kada cinikinta ya lalace. Ya san abin kunya ne, ya kuma tayar da mota.

Sau biyu taɓo ya kusa riƙe shi a hawan gidan Bascom. Ya ƙwanƙwasa ƙofar kicin, ba a amsa ba, ya tura. Akwatunan kwali sun cika ko'ina, har kan murhu. Verna tana zaune a tebur, sandarta rataye a jikin kujera, tana naɗe kofuna cikin tsohuwar jarida. Ta rame fiye da yadda yake hango ta ta gilashin mota. Ta dube shi daga hula har takalmi.

"Wa ya mutu?"

"Ba kowa."

"To gobara ce?"

"Magana na zo mu yi, Misis Bascom."

"Misis Bascom. To, Mista Tewksbury, ture kofunan nan ka ajiye kayanka, kada ka fasa min ko ɗaya."

Ya warware bargon, ya gyara murya, ya fara. Ya kawo rafin da tumakin Amos, ya kawo goɗiyar da aradu. Ya ɗora yatsa a kan bishiyar ya ce wannan shaidar gani da ido ce wadda ba alƙalin da zai ture. Ya ambaci kotu sau biyu kamar yadda ya tsara, ya ƙara na uku don ya ga fuskarta ba ta motsa ba. Verna ta ci gaba da naɗe kofi, ta sa a kwali, ta ɗauki wani.

"Ka gama?"

"Na gama."

"Shiga falo, akwai abu jingine a bayan doguwar kujera. Ɗauko min, bayana ba ya barina in sunkuya."

Tun daga jin nauyin firam ɗin a hannunsa ya san abin da ya ɗauko. Ya kawo ya ajiye kusa da nasa. Gidan Bascom ne, da shanu goma sha huɗu, da karen da ƙafarsa a ɗage. Bishiyar tana can ƙarshen hagu, ta wuce tudun, ta wuce katanga, tana tsaye kusan a ƙofar wani jan ɗakin shanu da ya leƙo daga gefen zanen.

"In bishiya za mu bi," in ji Verna, "rabin ɗakin shanunka nawa ne, da rijiyarka. Mu je kotun, ni ma ina son ganin fuskar alƙali." Ta shafa karen da bayan yatsa. "Mu Duke muke ce masa. Doreen ta karanta maka wasiƙar?"

Orrin ya kafa wa karen ido, Verna ta ci gaba.

"A soron kakata aka same ta, ni na kai musu. Doreen ta bugo min waya tun kana cikin mota kana shawara da sitiyari. Ta ce ka zauna a kujerar gwamna."

Kunnuwansa suka ɗauki zafi. Ya cire hularsa, ya rasa inda zai ajiye ta, ya riƙe a hannu. Shekara saba'in da huɗu ba wanda ya taɓa kama shi da ƙarya a garin nan, yau ga shi ya ɗauko ta a bargo ya kawo ta har kicin ɗin Verna Bascom.

"Na ga wasiƙar," ya ce. "Na san zanen ba shaida ba ne. Ban san abin da zan yi ba ne, Verna."

Wannan ne karo na farko da ya kira sunanta cikin shekara goma sha ɗaya. Ta tura masa kujera da ƙafar sandarta, ya zauna.

"Tudun nan namu ne tun fil azal," ta ce. "Ubana ya sani, mijina Floyd ya sani. Lucille ma ta sani."

"Lucille?"

"Tare muka hau, watan da ta dawo daga asibiti. Ta zauna a kan dutse tana haki, ta ce nan take so, don ana hango gidajen biyu. Na ce ai filina ne. Ta ce ta sani, amma kada a gaya maka, in ka ji na Bascom ne za ka kai ta maƙabartar coci ka ajiye ta kusa da uwarka."

Orrin ya buɗe baki zai kare mahaifiyarsa, sai ya tuna yadda zaman matan biyu ya kasance, ya rufe.

"Ranar jana'iza ina tsaye a bayan mutane," in ji Verna. "A kan filina nake, kana ta hararata kamar na shigo maka gona. Shekara huɗu kana yanke min ciyawa kowane sati. Ban ce komai ba, aikin yana kyau."

Dariya ta so ƙwace masa, abin da ya fito kuma ba dariya ba ne. Ya juya yana kallon akwatunan har idonsa ya washe. Verna ta ba shi lokaci, ta naɗe kofi biyu.

"Motar ƙanƙarar nan," ya ce daga baya, yana magana da hularsa. "Ta biyun, da aka saya daga ƙarshe."

"Ina jin ka."

"Ita ta buɗe wa motar asibiti hanya da safen da Lucille ta faɗi. Ta farkon tana can ƙasan gari. Ba don ita ba, da ban samu wata takwas ɗin nan ba."

"Na sani. Ta tagar nan na ga wucewarta." Ta goge hannunta a jikin siket. "Shekara huɗu ina jira ka faɗa, ashe sai an kafa maka fegi. Miƙo min gwangwanin biskit ɗin can."

A cikin gwangwanin, ƙarƙashin zare da allurai, akwai takarda shafi biyu da lauya ya buga. Orrin ya laluba aljihu ya sa tabarau. An cire kan tudun daga cikin cinikin, da 'yar hanyar ƙafa daga katangarsa zuwa can, an mallaka masa da magadansa don binnewa. Ba rafi a ciki, ba goɗiya, ba bishiya, sai sandunan ƙarfe huɗu da lambobi. Mutanen Boston sun riga sun sa hannu, an rage musu wani abu a farashi. Wurin sa hannun Verna ne da nasa ba a cike ba.

"Tun yaushe wannan ke nan?"

"Sati uku. Na ce ba zan sa hannu ba sai ka zo da ƙafarka."

"Da ban zo ba fa?"

"Da na sa ranar Juma'a, saura minti biyar. Amma da ka sha wuya tukuna. Karanta shafi na biyu, akwai sharaɗi."

Ya juya shafin. Ya karanta, ya matsar da takardar nesa da ido, ya sake karantawa.

"Nan an ce kabari uku."

"Uku ne."

"Na ukun na wa?"

"Na karen Tibbet. Nawa ne mana, Orrin. Floyd ya sa an ƙona gawarsa an watsa tokar a tafki, ko da ya mutu kamun kifi ya tafi ya bar ni. Arizona za ta samu gwiwoyina, amma ba zan kwanta cikin yashi tsakanin mutanen da ban san iyayensu ba. In na gama, 'yata za ta dawo da ni. Shekara sittin muna hira da Lucille, ba mu ƙare ba."

Orrin ya dubi ɗan taswirar da safiyo ya zana a ƙasan shafin, akwatuna uku a jere, kowanne da harafi a ciki. Ya bi su da yatsa daga dama zuwa hagu, ya tsaya a na tsakiya.

"An yi kuskure a nan. Ai Lucille ya kamata ta zama a tsakiya."

"Ɗaya gefen nata dutse ne zalla, safiyo ya soka ƙarfe sau shida bai shiga ba. Fili yana ta ɓangarenka ne kawai. Kai ne a tsakiya."

"Wato ta kaina za ku riƙa hirar."

"Da ma ta kanka muke yi."

Ya ajiye takardar, ya dubi taga. Daga nan ana hango tudun, da farin dutsen a kansa, da jajayen ƙyallayen suna kaɗawa. Ya auna abin ta kowace fuska, kamar yadda yake auna cinikin saniya. Lucille a dama, Verna Bascom a hagu, har ranar da za a busa ƙaho, kuma ba taron gari da zai miƙe ya kai ƙara.

"Kina minshari?"

"Floyd ya ce har gilashin taga ke rawa."

Ya miƙa hannu, ta zaro biro daga gashin kanta ta ba shi. Ya rubuta sunansa cikakke, a hankali, harafi bayan harafi, ya tura mata takardar. Ta sa nata a ƙasa, ta hura tawadar duk da ba ta buƙata.

"To ni dai zan yi ƙoƙari in riga ki zuwa," in ji Orrin, "ko na samu 'yan shekaru na hutu."

"Kada ka yi gaggawa. Akwati talatin ne za a ɗora a mota kafin Juma'a, ni kuma ba na iya ɗaga ko ɗaya."

Ya tuɓe kwat ɗinsa ya rataya a bayan kujera, ya tambaye ta da wanne za a fara.